Gadaje ko Rasit

A wani asibiti a Arewa, da zarar Agusta ya kama, sashen gaggawa na yara kan cika maƙil. Zazzaɓin cizon sauro ne: wannan na jijjiga, wancan tafin hannunsa ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, iyaye mata zube a baranda. Shugaban asibitin ya ce maganin abin shi ne a sayo ƙarin gadaje.

Sai wani matashi daga ofishin kati ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan dakata mu ga inda lokaci ke tafiya."

Ya roƙi nas-nas su riƙa rubuta lokaci a bayan kowane kati: isowar yaro, ganin likita, ɗibar jini, dawowar sakamako, ɗaura ledar jini. Da bayanan suka taru, ya zuba su a wata manhaja mai kwaikwayon sashen, inda marasa lafiya na cikin kwamfuta ke shigowa yadda na gaske suka shigo. A nan ana iya gwada kowace shawara ba tare da an taɓa ran ɗan kowa ba. Ya ƙara gadaje, jira bai ragu ba. Ya ƙara likita, ya ragu kaɗan. Kansa ya ɗaure.

Babbar sista, wadda ta tsufa a aikin dare, ta leƙa allon ta ce, "Ɗana, na'urarka ta san cewa da dare mai karɓar kuɗi ɗaya ne, kuma ɗakin gwaji ba ya taɓa jini sai ya ga rasit?"

"Wallahi Hajiya, ba wanda ya rubuta wannan."

Ya saka layin biyan kuɗin a cikin kwaikwayon, sai ga cunkoson ya fito fili: yaro na kwance a gado, ubansa na tsaye a layi.

Shugaban ya saurari su biyun. Aka ajiye nas a bakin ƙofa tana tantance yara bisa tsarin ETAT, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 daga aikin da aka yi a Malawi: mai alamar haɗari a shiga da shi nan take, sauran su bi layi gwargwadon tsananin ciwonsu. Aka kuma ba da umarnin a gwada jinin irin wannan yaro tukuna, kuɗi daga baya.

Gadaje kaɗan aka saya. Da ragowar kuɗin aka sayi na'urar auna yawan jini da ta auna suga, aka girke su a cikin sashen.