Wa Ya Kamata Ya Ɗauki Asarar Annoba?

A kudancin Khartum akwai wata unguwa da ake kira Alsahafa. Ma'anar sunan nan da Larabci ita ce aikin jarida. Bari mu tsaya a nan mu yi tunani a kan wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba, wato marubucin da ba shi da albashin wata, sai ladan kowane rubutun da aka buga masa.

Cutar korona ta ɓulla a Sudan cikin watan Maris 2020. Ran 18 ga Afrilu aka hana fita a Khartum da Omdurman. Masu sayar da jarida suka bar titi, masu ba da talla suka janye. Ma'aikaci mai albashi yana da takardar da za ta kāre shi. Amma mai rubutun jinga ba sai an kore shi ba. Shiru kawai za a yi masa, ko a ce ya karɓi rabi.

Mai jarida zai ce, "Ni ma asara nake yi. Takardar bugu da dala ake sayo ta. Na kuwa faɗa masa farashi, ya yarda." Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Ba a tilasta wa mutum ya ba da abin da ba shi da shi.

Amma mu duba yardar nan da kyau. Mutumin da ya bar yara a gida ba burodi, in ya ce "to", shi ne ya amsa ko yunwa? Ga kuma wata ragewa da ba a gani. A Disamba 2020 hauhawar farashi a Sudan ta kai kashi 269 cikin 100. A Fabrairu 2021 aka karya darajar fam, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya. Saboda haka wanda ya riƙe ladan marubuci wata uku ya riga ya yanke masa, ko da ya biya shi cif.

Ba laifi ba ne a rage lada lokacin wahala. Laifin shi ne a ɗora wa mafi rauni kayan duka, don an san ba shi da bakin ƙi. Adalci yana neman abu uku: a faɗa masa gaskiya tun kafin ya ɗauki alƙalami, a biya shi da wuri, ragin kuma ya fara daga sama.

Ya mai karatu, kada ka ce zancen 'yan jarida ne kaɗai. Akwai tela, da mai wanki, da ɗan dako da ke jiran hannunka. Ran da wahala ta zo, daga kan wa kake fara ragi?