Gwajin Jini Kafin Aure da Mas'alar Tawakkali

Tun da gwamnatin Kano ta zartar da doka a 2024 wadda ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, sai tsohuwar mas'ala ta sake tasowa a zaurukan malamai, wato shin wanda ya fasa auren wadda yake so don gudun haifar ɗa mai amosanin jini, tawakkalinsa ne ya raunana, ko kuwa riƙo ya yi da sababi kamar yadda shari'a ta umarta?

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, idan miji da mata kowannensu ƙwayoyin gadonsa AS ne, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu jaririn ya zo da SS, wato amosanin jini. Wannan kuwa ƙiyasi ne bisa galibi, ba da'awar sanin gaibu ba, domin suna iya haifar biyar lafiyayyu, ana kuma iya jarrabarsu tun daga ɗan fari. Duk wanda ya taɓa kwana a gefen yaron da ciwon ƙashi ya hana barci, ba zai raina wannan kaso ba.

A ganina hujja tana wajen masu gwaji, domin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya daga hanyar Sham sa'ad da labarin annoba ya riske shi, alhali babu mai tuhumar imaninsa da ƙaddara. Balle kuma maganin amosanin jini mai suna Casgevy, wanda Birtaniya ta halatta a 2023 don gyara ƙwayoyin gado, kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu, ga shi Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura.