Bayan An Ɗinke Ƙirji

Ɗana, idan aka yi wa yaronka aikin zuciya ya tashi lafiya, ka gode wa Allah, ka yi sadaka, amma kada ka yi sallama da likita. Iyaye nawa ne suka sayar da gona suka kai yaro Indiya, ya dawo yana tsalle a tsakar gida, daga nan ba su sake taka asibiti ba sai ranar da numfashi ya gagara?

Zuciyar da aka gyara tana girma tare da mai ita, gyaran kuma yana tsufa. Ka ɗauki yaran da leɓɓansu ke yin shuɗi saboda jini ba ya isa huhu. A 1944 aka fara yi musu aiki a asibitin Johns Hopkins na Amurka, bayan shekara goma aka kai ga cikakken gyara. Likitocin da suka yi ta bibiyar irin waɗannan yara har suka girma su ne suka gano cewa ƙofar jinin da ke zuwa huhu takan yi yoyo a hankali, ɓangaren dama na zuciya ya buɗe, bugunta ya rikice, sau da yawa sai yaro ya zama magidanci. Da fari shi ba ya jin komai. Hoton zuciya ne ke tona asirin tun ana iya sauya ƙofar.

A wajenmu kuma akwai ciwon makogwaron da ba a yi wa magani ba, wanda ke komawa ya lalata ƙofofin zuciya. Cibiyar Salam da ke Hartum, wadda aka buɗe a 2007, ta yi wa yaran Afirka da dama aikin waɗannan ƙofofi kyauta. Wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe zai sha maganin tsinka jini, warfarin, iya rayuwarsa, ana gwada jininsa a kai a kai. In maganin ya yi kaɗan jini ya daskare, ɓarin jiki ya shanye. In ya yi yawa jini ya ɓalle. Allurar penisilin ta kowane mako uku ko huɗu ma ba a fashinta don yaro ya yi ƙiba.

In 'ya mace ce, a kai ta wurin likitan zuciya kafin a sa ranar aure, domin warfarin na iya cutar da ɗan tayi. Ɓoye wa miji don gudun surutun dangi ganganci ne.

Takardar da ke bayanin aikin da aka yi, ka adana ta kamar takardar gida, ka ɗauki hotonta a waya. Ka kula da haƙoran yaron, don ƙwayar cuta kan bi jini daga baki ta sauka a zuciya. Ka koya masa sunan ciwonsa tun yana ƙarami, saboda ba kullum za ka raka shi ba. Ranar da likita ya ce ku dawo, ku koma, ko da yaron yana buga ƙwallo.