Kyarkecin Da Ya Tsallake Ƙofa

A birnin Landan akwai wata gasa da a ke yi kowace shekara ta masu ɗaukar hoton namun daji da tsuntsaye. An fara ta a 1965. A shekarar 1984 babban gidan adana tarihin halittu na birnin ya shiga cikin masu shirya ta. A shekarar 2009 aka aiko da hotuna fiye da 43,000, alƙalai suka zaɓi na wani mutumin ƙasar Sifen, José Luis Rodríguez. Hoton kyarkeci ne da dare, ya yi tsalle bisa ƙofar shingen gona, ƙafafunsa duka huɗu a sama. Ladan da aka sa fam 10,000 ne.

Ba a daɗe ba sai magana ta tashi. Masana suka ce kyarkecin daji ba ya tsallake ƙofa in yana iya kurɗawa ta tsakanin itatuwanta. Aka gwada zanen fuskarsa da na wani kyarkeci mai suna Ossian, wanda a ke kiwo a wani gandu kusa da Madrid, aka ga sun yi kama ƙwarai. Mai hoton ya musa, amma cikin Janairu 2010 aka karɓe masa kambun.

To, ina ƙaryar ta ke? Kyarkecin na gaske ne, tsallen ma ya yi shi, na'ura kuwa abin da ta gani ta ɗauka. Wani zai ce kyaun hoto bai ragu ba don an san sunan dabbar. Gaskiya ne, bai ragu ba. Amma alƙalan ba kyau kaɗai suka saka wa ba. Sun saka wa haƙurin mutumin da ya yi watanni yana fakon dabbar da ba ta jin kiransa, wadda in ta ga dama ba za ta zo ba har abada. Wanda ya miƙa hoto a wannan gasa shaida ya bayar, watau yana cewa, ga abin da daji ya yi da kansa. Maharbin da ya sayo barewa a kasuwa ya rataya a kafaɗa, barewarsa ta gaske ce, kirarin da ya karɓa ne ba nasa ba.

Sai dai iyakar ba ta fito sarai kamar yadda a ke so ba. Tun farko mutumin ya faɗa cewa nama ya riƙa ajiyewa don kyarketai su saba da wurin, alƙalai kuma suka ji, suka ba shi kambu duk da haka. Ashe dabbar da aka jawo da nama tana nan a matsayin ta daji, wadda aka rena da nama kuwa ta fita. Tsakanin biyun akwai tazara, amma ba mai iya nuna daren da ɗaya ta ke zama ɗayar.

Alƙalan ba su ɗauki kambun sun ba wani ba. Shekarar 2009 ta wuce ba ta da gwani.