Jiki Ne Zai Bi Riga, Ko Riga Ce Za Ta Bi Jiki?

A makarantar sakandaren da muke koyarwa, wata shekara an sayo wa ɗalibai rigunan wasannin motsa jiki daga kasuwa, ɗinkakku, kashi uku: ƙanana da matsakaita da manya. Aka tara 'yan aji huɗu a bakin ofis ana raba musu. Da layi ya zo kan wata yarinya mai jiki, wadda kowane malami ya shaida ƙoƙarinta a darasin lissafi, sai aka miƙa mata babba. Ta gwada a kan kayan makarantarta, riga ta tsaya a kafaɗa ta ƙi sauka. Ƙawayenta suka fashe da dariya, mai rabon kuwa ya ce, "To ke kam sai dai a ɗinka miki buhu." Da wasa ya faɗa, mu ma da ke tsaye a wurin mun yi murmushi. Tun daga ranar yarinyar nan ba ta ƙara taka filin wasa ba, kullum da ciwon da za ta kawo. Daga baya muka ji ta daina sayen abinci da kuɗin tararta.

Wannan al'amari ya daɗe yana yi mana yawo a zuci, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi gaban 'yan'uwa marubuta. Tambayar ita ce: idan riga ba ta shiga mutum ba, wa ya gaza, mutumin ko rigar? Kowa zai yi saurin cewa rigar ce. Amma idan muka dubi yadda muke ji a ranmu a lokacin da abin ya same mu, za mu tarar kanmu muke zargi, mu fito daga shago muna jin kunya kamar mun yi laifi.

Idan muka waiwayi tufafinmu na gado, za mu ga wannan matsala baƙuwa ce. Zane ba shi da lamba. Siririya ta ɗaura, mai jiki ta ɗaura, mai ciki ma ta ɗaura har ta haihu. Wandon gargajiya zariya ke riƙe da shi, mai shi ya ƙara ko ya rage yadda ya ga dama. Babbar riga kuwa da ma yalwa ce adonta. Wanda zai yi ɗinki sai ya sayo yadi, ko a Kantin Kwari ko a kasuwar garinsu, ya kai wa tela, tela ya auna kafaɗa da ƙirji da hannu da tsawo. A nan jikin mutum shi ne ma'auni, yadi ke bin sa. Ba wanda ya taɓa jin tela ya ce wa mai ɗinki jikinsa bai dace da yadi ba.

To daga ina waɗannan lambobi da haruffa suka fito? Sun fito ne daga buƙatar masana'antu ta ɗinka wa mutane da yawa kaya ba tare da sun gan su ba. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an auna sojoji masu ɗimbin yawa don a ɗinka musu kaki, aka karkasa su gida-gida, daga nan ɗinkakkun kayan maza suka sami tsarin da suka bi. Na mata ya fi wuya. A 1939 gwamnatin Amurka ta sa aka fara auna mata kusan 15,000, kowacce aka ɗauki awo 59 a jikinta, aka fitar da rahoto a 1941 ƙarƙashin Ruth O'Brien da William Shelton. Sai dai awon farar fata kaɗai aka yi lissafi da shi. A kan wannan aiki aka ɗora ma'aunin da gwamnati ta fitar a 1958, wanda kuma aka janye a 1983. Tun daga nan kowane kamfani yake yanka nasa ma'auni. Wasu ma da gangan suke rage lambar da ke jikin riga, don mai saye ta ji daɗi ta ɗauka ba ta ƙara ƙiba ba.

Bugu da ƙari, kowace ƙasa da ƙirgarta. Rigar matan da ake kira lamba 12 a Ingila, kusan ita ce 8 a Amurka, ita ce kuma 40 a ƙasashen Turai da dama. Harafin L na kayan da aka ɗinka don kasuwannin Asiya sau da yawa bai kai L na Amurka ba. Duk waɗannan a dila ɗaya suke iso mana, a baje su a layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai ko a shagon unguwa. Saboda haka mace ɗaya a yini ɗaya tana iya zama M a wannan shago, ta zama XL a na gaba, alhali ko tsoka ɗaya ba ta ƙaru a jikinta ba. Ma'aunin da ke sauyawa daga ƙofa zuwa ƙofa, yaya za a yi ya zama alƙalin da zai yanke wa mutum hukunci a kan halittarsa?

Akwai wani kuskure da ya fi wannan zurfi, wato ɗaukar cewa akwai wani mutum matsakaici wanda shi ne daidai, sauran jama'a duk karkacewa suka yi daga gare shi. A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta auna matuƙan jirgi 4,063. Wani matashin jami'i mai suna Gilbert Daniels ya zaɓi awo goma, irin su tsawo da kewayen ƙirji da tsawon hannu, ya nemi ya ga mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a duka goman. Bai sami ko ɗaya ba. Mai matsakaicin tsawo sai a tarar hannunsa ya fi tsawo, mai matsakaicin ƙirji sai a tarar ƙafarsa gajera ce. Maganin da aka samo shi ne ƙera kujerun jirgi waɗanda ake iya matsarwa su dace da kowane matuƙi. Wato dai sun komo ga hikimar zariyar wando. Mutumin da ake yanka ɗinkakkiyar riga dominsa lissafi ne a takarda, ba a taɓa haihuwarsa ba. Yarinyar makarantarmu ta sha dariya ne don ba ta yi kama da wanda babu shi ba.

Ba za mu rufe ido ga hujjojin ɗaya ɓangaren ba. Ɗinkakkun kaya da gwanjo sun rufa wa talaka asiri; da kuɗin yadi da ɗinki ɗaya uba yana iya tufatar da yara uku. Wanda tela ya taɓa saɓa wa alkawari a jajibirin Salla shi ma ya san amfanin rigar da za a saya a saka nan take. Haka kuma mai masana'anta ba zai iya auna kowa ba, dole ya yi kashi-kashi. Wani kuma zai ce ai ƙiba mai yawa tana da alaƙa da hawan jini da ciwon sukari, don haka gara riga ta faɗakar da mai ita. Gaskiya ne lafiya abar kula ce, amma likita ke da wannan magana, bayan ya duba mutum. Guntun ƙyallen da ke wuyan riga bai san jinin kowa ba. Kuma a ganinmu kunya ba ta cika gyara mutum ba; abin da ta yi wa ɗalibarmu shi ne ta raba ta da filin wasa, wurin da ya fi kowane amfani ga lafiyarta.

Kada kuma a ɗauka masu jiki kaɗai abin ya shafa. A wurinmu ramammiya ma ba ta tsira ba. Ita ake ce wa kamar ba a ba ta abinci a gida, har wasu 'yan mata su koma shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe ba da izinin likita ba, don su cika riga. Wannan na shan shayin rage ƙiba, waccan na shan maganin ƙara ta, duka biyun suna azabtar da jiki don ya dace da ƙyalle. Samari gajeru da dogaye su ma suna da nasu rabon, sai dai su shiru suke yi.

Abin da muka fahimta shi ne, illar ba a lambar take farawa ba, a bakin mutane take farawa. Lamba ta ce riga ba ta kai ba. Mai shago ne ke ƙarawa da cewa, "Hajiya, ai irin naki ba ma kawowa," yana dariya. Uwa ce ke cewa a gaban baƙi, "Wannan komai aka saya mata sai ta fasa." Malami ne ke ambaton buhu. Hakkin da ke kanmu a nan bai da tsada. Mai sayarwa ya ce, "Wannan ɗinkin ƙarami ne, bari in duba wani." Makaranta ta sa tela ya auna yaran da kashi ukun nan bai ɗauke su ba, tun kafin ranar rabo. Iyaye su bar yi wa yaro ba'a da jikinsa, domin abin da aka faɗa a tsakar gida ya fi na waje zama a rai.

Mu marubuta ma muna da namu kason. Mu duba littattafan soyayyarmu: sau nawa tauraruwar labari take zuwa doguwa, fara, mai dogon hanci da siririn ƙugu, mai ƙiba kuwa sai dai ta fito a matsayin muguwar kishiya ko abar dariya? Mu ma ke nan mun yanka riga ɗaya mun ce duk mace ta shiga. Ɗalibanmu suna karanta waɗannan littattafai a ƙarƙashin tebur, suna auna kansu da su. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, siffar da muke ta maimaitawa kuwa mafi yawanta aro ce daga finafinai. Marubucin da ya san aikinsa kamar tela yake: ya dubi mutumin da ke gabansa, ya auna shi yadda yake, sannan ya yanka.

Ita dai yarinyar nan, sai a zango na gaba wata malama ta lura, ta karɓi rigar ta kai wa telan bakin makaranta ya buɗe gefe ya ƙara ƙyalle. Aikin bai ɗauki rabin awa ba. Ta koma filin wasa, amma zango guda ya riga ya wuce, kuma har ta gama makarantar ba mu ga ta tsaya a sahun gaba wurin ɗaukar hoto ba. Mu da muka yi murmushi a ranar rabo, har yau ba mu nemi gafararta ba.