Ɗana Direba, Idonka Bai Kai 'Yan Kura Ba

Ɗana, kai da kake kama sitiyari tun asuba tsakanin Bata da 'Yan Kura, da kai mai jan adaidaita sahu daga Fagge zuwa France Road, ku matso in yi muku magana. Idon direba, komai kaifinsa, iyakarsa bayan motar da ke gabansa, in ya yi sa'a ya hango biyu ko uku gaba da ita. Abin da ya tsayar da hanya kuwa yana can nesa: wataƙila tirela ce ke sauke kaya a bakin kasuwar Singa, ko doguwar bas ɗin kudu ce ke fama da fitowa daga tashar New Road. Duk wata alamar lantarki da aka kafa a titi, aikinta shi ne ta faɗa maka abin da idonka bai kai gare shi ba.

A ƙasashen da suka yi nisa a wannan harka, kamar Ingila da Japan da Dubai, akwai manyan alluna a saman titi waɗanda rubutunsu ke canjawa gwargwadon halin da hanya take ciki. Na'urorin da aka binne a kwalta da kyamarori ne ke ƙirga motoci da saurinsu, sai allo ya sanar da masu tahowa. A babbar hanyar da ta zagaye Landan, wadda ake kira M25, tun 1995 ake rage wa direbobi iyakar gudu ta irin wannan allo idan cunkoso ya fara haɗuwa. A nan Kano allunan lantarkin da ka fi gani na talla ne. Amma yaranmu nawa ne suka tafi tuƙi Saudiyya da Dubai? Kuma wanda ya ga yadda aka ɗora gadar sama a kan titin Murtala Muhammad, ya san sauran ma suna tafe.

Karanta irin wannan allo ba wasa ba ne, ko ga mai boko. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kafin ka haɗa baƙi ka wuce. Sannan lamba ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana uku. Idan ka ga 40 a cikin jar da'ira, iyakar gudu ce, kuma doka ce. Idan ka gan ta kusa da sunan unguwa, ko dai nisan wurin ake nufi, ko mintunan da za ka ci kafin ka isa, sai ka lura da haruffan da ke biye da ita. Jan gicciye a saman layi yana nufin an rufe layin, ka fita daga cikinsa ko da ka gan shi fayau. Hoton motoci a jere cikin alama mai kusurwa uku da jan baki kuwa, gargaɗi ne cewa akwai gosulo a gaba.

Inda direba ya fi faɗawa shi ne nan: allo ya ce rage gudu, shi kuma ya duba ya ga hanya fes, sai ya ce na'ura ta lalace, ya ƙara taka totur. Mu da muka tashi da cewa gani ya kori ji, wannan yana yi mana wuyar haɗiya. To saurara. A 2008 wasu masana a Japan, ƙarƙashin Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya, suka wallafa wani gwaji. Sun jera motoci 22 a kan zagayayyen titi mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa. Babu danja, babu rami, babu mai talla, babu wanda ya tsaya ɗaukar fasinja. Ba a jima ba gosulo ya haɗu. Wani ya ɗan matse na gabansa ya taɓa burki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wancan ya tsaya cak. Cunkoson kuma ya riƙa tafiya da baya, yana cin waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shi ya sa allo ke rage maka gudu tun kana nesa, don ku isa wurin a jere, da tazara a tsakaninku. Mai gaggawar isa ya tsaya a bayan layi, shi ne ke ƙara wa layin tsawo, ga man da yake ƙonawa a tsaye, kai kuwa ka san abin da lita ta koma tun daga Mayun 2023.

Kada ka ce wannan zancen Turai ne. Allon yana cikin aljihunka. Taswirar Google da ke wayarka tana shafa wa tituna launi: kore hanya na tafiya, ruwan lemo an fara jan ƙafa, ja an cushe, ja mai duhu kusan an tsaya. Da yawa suna ɗaukar ja a matsayin an rufe hanya ko ana tarzoma, alhali sauri kawai take aunawa. Daga wayoyin mutanen da ke kan titin take samun labari, don haka tana iya yin kuskure. A 2020 wani mai fasaha a Balin ta Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a ƙaramar kura yana ja a ƙafa, taswira ta shafa wa titin ja alhali babu motoci. Saboda haka idan wayar ta nuna France Road ta yi ja, ka yarda da ita, amma ka haɗa da sanin gari. Kowa ya ga jan nan kamar yadda ka gani, kuma idan duk kuka kwarara cikin ƙananan layukan Sabon Gari, kun kwashe cunkoson ne kun kai ƙofar gidajen mutane, inda yara ke wasa. Kuma ka duba taswirar kafin ka tayar da mota. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya, a tsakiyar 'yan sahu, wannan neman magana ne.

Kakanninka sun koyi abin da ya fi wannan wuya. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Direbobin da yawansu ba su taɓa zama a aji ba suka sauya hannu a wuni guda. Abin da suka fi ka shi ne ba sa jin kunyar tambaya a tasha.

Ka fara da danjar da kake wucewa kullum, domin ita ce alamar lantarki ta farko, kuma ita muka fi rainawa. Ruwan ɗorawa bayan kore ba kiran ƙara wuta ba ne, shirin tsayawa ne. Kore ma ba izinin shiga mahaɗa ba ne idan can gaba a toshe take. Ka shiga ka tsaya a tsakiya, an ba wa na gefe hannu ba su da wurin wucewa, shi ke nan an kulle kusurwa huɗu, kowa na danna oda. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 'yan sahu suka cika gari, kuma shi ɗan sahu yana shiga duk inda hancinsa ya shiga, sai wannan ƙulli ya zama abin kullum a lokacin tashin kasuwa. Idan kuma wuta ta ɗauke, ko ka ga ɗan KAROTA ya tsaya a tsakiya yana ba da hannu, to hannunsa za ka bi, ko da fitilar ta dawo ta nuna maka kore.