Fasali a kan Shirun Muƙaddami da Nasiharsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa wanda aka ɗora wa muƙaddamanci, an tambaye mu nan Dutsen Abba: ko ya halatta muƙaddami ya yi shiru ga kuskuren muridi don kada zawiya ta watse?

Ka sani shiru iri biyu ne. Akwai mudara, ita ce ka jinkirta magana har zuciyar mutum ta huce, domin amfaninsa. Akwai mudahana, ita ce ka kame baki domin amfanin kanka. Ta fari halin malamai ce, ta biyu ha'inci ce ko an shafa mata turaren haƙuri. Rarrabe su ba wuya. Ga attajiri mai kawo hadiya, ka san taimama ya yi, ya zauna wazifa yana jan Jauharatul Kamali ƙafa 12, alhali ba a karanta ta sai da alwalar ruwa, abin da ke kansa Salatul Fatihi 20 a madadinta. In ka ƙyale shi, alhali da almajiri ne mai tsumma da ka tsawata masa, to ba zawiya kake tsaro ba, buhun dawarka kake tsaro. Sauran muridai kuwa suna kallo, ba makafi ba ne.

Amma faɗin gaskiya yana da ladabinsa. Ibnu Rajabi, wanda ya rasu shekara ta 795 bayan Hijira, Allah shi jiƙansa, ya wallafa risala sukutum a kan bambancin nasiha da aibantawa. Dubi alaramma wurin darasu. Yakan nuna harafin da ya ɓaci, ko wasali ko ɗigo, ba ya ce wa gardi allonka duk banza ne, balle ya fasa allon. Haka nan kai. Ka keɓe shi bayan an tashi, ka ambata abin da ya yi, ka gaya masa gyaransa, sa'an nan ka yi shiru ka ji uzurinsa. Wataƙila ciwo ya hana shi taɓa ruwa, kuma hukuncin bai taɓa isa kunnensa ba, wanda kuwa ya kamata ya isar masa kai ne.

Kada ka hau buzu ranar zikirin Juma'a ka yi ta habaici. Kowa ya san da wa kake, shi ko ya tashi da kunya, bai tashi da ilmi ba. In ya gyara, kada ka sake tayar masa da zancen, ko cikin raha.

Allah shi ne masani.